Shaidata a Kan Gidan Piza na Treichville

Ni mahauci ne. Shekara talatin da huɗu ke nan ina fawa a kasuwar Adjamé, kuma a unguwar Saint-Michel nake zaune da iyalina. Ban yi boko mai nisa ba, aji biyar na yi a garinmu kafin in biyo shanu zuwa Abidjan. Saboda haka zan faɗi abin nan yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

A unguwar Treichville, a wani layi da ba shi da nisa da tashar mota ta Gare de Bassam, akwai wani gidan piza. Mai shi wata mata ce 'yar ƙasa, Kirista. Mijinta Bature ne mai dafa abinci a jirgin ruwa, ya sauka a tashar jirage wata rana bai sake hawa ba, shi ya gina tanderun da hannunsa. Lokacin da na san wurin ya riga ya mutu, ita ke riƙe da shi. Kowa Madam yake ce mata, ni ma haka. Ita kuma Alaji take ce mini tun ban je Makka ba. Da na yi mata gyara sai ta ce in bar sunan ya jira ni.

Da farko nama kawai nake kai mata. Kullum da safe in na sallami masu sayen farko, sai in ɗaure tsokar cinya, in hau mota in tsallake gada, in isa kafin ƙarfe goma. Shekara shida ina haka ban taɓa ɗanɗana pizarta ba, domin tana sayar da mai naman alade, kuma ban ɓoye mata dalilina ba.

To a wannan yankin akwai mutanenmu da yawa masu shigo da kaya ta tashar jirage, ofisoshinsu na nan kusa. 'Ya'yansu haihuwar Abidjan suka matsa musu da maganar piza. Wata rana wani dattijo daga cikinsu ya tare ni ya ce tunda ni ke kai nama, in gaya musu ko ana ci. Na ce masa sanina ya tsaya a bakin ƙofar kicin, amma zan tambaya.

Na gaya wa Madam cewa akwai jama'a masu son zuwa, amma sai an cika sharuɗɗa huɗu. Na farko, injin niƙa nama ya zama na naman sa kaɗai. Na biyu, wuƙa da katakon yanka su zama daban. Na uku, shebur ɗin katakon da ake tura piza cikin tanderu da shi, a sayi na biyu. Na huɗu, tunda tanderun ɗaya ne, kada tamu ta taɓa ƙasansa, a ɗora ta kan farantin ƙarfe. Ta saurara har na gama, hannunta duk fulawa.

"Alaji, salla fa? Ita ma in fara?"

"Wannan na biyar ne, Madam. Ba na gaggawa ba ne."

Ta yi dariya, amma cikin mako guda ta sayi komai, ta sa aka shafa wa mariƙin kayanmu koren fenti. Na kawo limaminmu ya duba, ya ce babu laifi. Ranar na ci piza ta farko a rayuwata, kuma ranar Juma'a na gaya wa jama'a a ci.

Shekara goma sha bakwai aka yi a kan haka. Sau ɗaya ne kawai aka samu kuskure: wani sabon kuku ya yanka alade da wuƙarmu. Babu wanda ya gani sai ita. Ta rufe ɓangarenmu yini guda, duk Bahaushen da ya shigo ta ce masa yau babu, kuma washegari ta gaya mini da bakinta tun ban sauke nama ba. Tsohuwar wuƙar ta ba ni in tafi da ita in jefar, don in tabbata ba za ta dawo ba. Wannan ne ya sa na yarda da ita fiye da Musulmi da yawa da na yi hulɗa da su.

Wurin kansa ba wani abin kallo ba ne. Tebur shida ne masu shimfiɗar leda, da fanka ɗaya mai ƙara, bango ya yi baƙi da hayaƙi. Da itacen roba ake hura tanderun. Piza iri huɗu ce kawai, kuma in ka yi oda sai ka jira kusan awa guda. In ka yi ƙorafi Madam ta nuna maka mai sayar da garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, a bakin titi, ta ce can ba a jira. Ba a yanka maka pizar, wuƙa ake ba ka. Gefenta mai kauri ne, da ɗigo-ɗigon ƙuna a ƙasa. A kan teburin kusa da ƙofa akwai kwalbar yaji, wanda maiɗakina ke dakawa ina kai wa Madam duk wata.

Daga baya ciwon ƙafa ya kwantar da Madam, ta rasu. Na je jana'izarta, na tsaya a wajen coci har aka fito. Aka ja ƙofar ƙarfe aka rufe gidan, ya yi shekara biyar a rufe.

Bara, autata ce ta kawo mini labari. Tana aiki a wani kantin magani a Treichville, Faransancinta ya fi Hausarta ƙwari. Ta nuna mini hoto a waya, ta ce ɗan Madam ya dawo daga Faransa ya sake buɗe wurin, kuma an rubuta halal a jikin allo da manyan haruffa. Na ce na gani. Ban yi niyyar zuwa ba.

Amma a lokacin ana shirin walimar saukar Alƙur'ani ta ɗaliban Islamiyyarmu, har da jikata a ciki. Da aka tambayi masu saukar abin da suke so a ci, ba su ce shinkafa ba, ba su ce waina ba, piza suka ce. Bayan sallar Juma'a shugaban kwamitin walimar, wani tsohon dillalin shanu, ya riƙe ni a ƙofar masallaci a gaban mutane.

"Alhaji, da bakinka muka ci ta da. Da bakinka za mu ci ta yanzu, ko mu bari. Saura kwana goma sha biyar."

Na ce zan je in gani.

Zuwan farko na yi shi ranar Lahadi bayan azahar, ni da autata, a matsayin mai saye. Ban gane wurin ba sai da na ƙirga ƙofofi daga kwana. An fasa bangon gaba an sa gilashi. An sa tayil fari, da na'urar sanyaya ɗaki, da talabijin biyu. Tebura sun kai ashirin, kujerun dogaye ne, ƙafata ba ta kai ƙasa ba. A ƙofa babura sun yi layi, masu kai abinci gida-gida suna jira da akwatuna a baya. Tanderun Baturen yana nan a kusurwarsa, amma an yi masa fenti an jera tukwanen fure a bakinsa. Yanzu da injin gas ake gashi: a sa piza ta wannan gefe, ta fito ta wancan. Takardar abinci ta kai shafi uku, autata ce ta karanta mini, har da piza mai kaza da mai abarba.

Muka yi oda, ban gama gyara zama ba aka kawo. Na ci ta kifi, domin ban san naman ba tukuna. Gaskiya ita ce, cukun ya fi na da yawa, wurin ya fi tsabta, ma'aikatan sun fi fara'a, ba mai yi maka tsawa. Amma gurasar ta yi laushi kamar burodin shayi, babu ƙuna, babu ƙamshin itace, kuma an yanka ta gida takwas kamar ba ni da hannu. Na nemi yaji aka kawo mini jar miya a 'yar leda. Autata ta ce ta yanzu ta fi. Na ce ita da ba ta san ta da ba sai tana goye. Ta ce ai ni ma ba a goye nake ba amma kullum da ta fi. Na bar maganar, domin ba ɗanɗano aka aiko ni dubawa ba.

Zuwa na biyu na yi shi ranar Talata da safe, ni kaɗai, ta ƙofar baya. Ɗan Madam mutum ne ɗan shekara arba'in, dogo, mai saurin magana. Da na faɗi ko ni wane ne sai ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce mahaifiyarsa ta sha ba shi labarina. Tonton ya dinga ce mini, wato kawu. Ya shigar da ni kicin yana alfahari. Ya ce ba sai an sha wahalar da aka sha a da ba, domin alade ba ya shigowa gidan ko kaɗan, giya ma haka. Na buɗe kowane firji, na duba kowane kwano, na tarar gaskiya ya faɗa. Sharuɗɗana huɗu na da duk sun zama ba su da aiki. Na gaya masa haka, na kuma yaba masa.

Sannan na tambayi nama. Ya buɗe wani babban firji mai ƙanƙara. Kwalaye ne a jere, niƙaƙƙen nama ya daskare a ciki kamar bulo, da kaji a wasu. Daga wata ƙasa mai nisa aka shigo da su ta jirgin ruwa. A jikin kowane kwali akwai hatimi mai jinjirin wata da rubutun Larabci. Na ce wa ya yanka. Ya nuna mini hatimin. Na ce na ga hatimi, mutum nake tambaya. Ya ce bai sani ba, kuma ba wanda zai iya sani, amma ya fi araha, ba ya yankewa, ba ya lalacewa. Na sa aka narkar da ɗan kaɗan, na murza, na shinshina. Naman sa ne, wannan na tabbata, ko da yake kitse ya yi yawa. Amma hanci ba ya gane ko an ambaci sunan Allah. Na ce masa ban ce ƙarya aka buga a kwalin ba, na dai ce ban gani ba.

Ya rufe firjin. Ashe ya riga ya ji labarin walimar, ya kuma san cewa in dattawa suka yarda, iyalansu za su biyo baya. Sai ya ce:

"Tonton, abin mai sauƙi ne. Daga gobe ka kawo nama kamar yadda kake kawo wa Mama. Kai kuma ka gaya wa mutanenka su zo."

Na ce zan yi tunani.

Labari ya riga ni isa Adjamé. A layinmu na mahauta akwai wani Badamagare, rumfarsa na kallon tawa. Ni Bakano ne, tsakaninmu akwai wasa tun na kakanni, sai dai namu wasan ya daɗe da yin tsami, tun wata rigima a kan magudanar ruwa tsakanin rumfunan. Ina ɗaura gyautona sai ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, yana wasa wuƙa. Ya ce Bakano ya je duba alade ya dawo da ciniki. Ya ce jama'a su saurara ranar Juma'a: in na ce kada a ci, to ba a sayi namana ba ne, in na ce a ci, to an saya. Mahauta suka yi dariya. Na ci gaba da jera namana. Da mugunta ya faɗa, amma haka mutane za su gani, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Da la'asar na gaya wa maiɗakina komai. Ta ce in karɓa. Ta ce kasuwa ba kamar da ba ce, manyan kantuna da naman ƙanƙara sun janye masu saye, kuma ai da ma haka aka yi da Madam: ni ke kai nama, ni ke ba da shaida, ba wanda ya ce uffan. Na ce ba ɗaya ba ne. A zamanin Madam nama ne ya fara zuwa, shekara shida, sannan shaida ta biyo baya. Ko na ce kada a ci, da ta ci gaba da sayen namana. Yanzu kuwa ana so shaida ta jawo nama.

"Alhaji, wa zai tuna wanne ya riga wanne?"

"Ni zan tuna."

Ta ce to sai in tuna mata abin da za a sa a tukunya. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Laraba na je wurin limaminmu, wanda ya gaji tsohon da ya duba kicin ɗin Madam. Ya ce a wajen malamai da yawa hatimin ya isa, wanda ya dogara da shi ya ci ba shi da laifi, kuma shi ba zai haramta abin da bai san haramcinsa ba. Amma ya ce kwamiti ba fatawa suka nema ba, da wurinsa za su zo. Abin da idona ya gani suka tambaya.

Alhamis da safe, kafin masu saye su taru, na tsallaka magudanar na tsaya a gaban rumfar Badamagare. Rabona da tsayawa a nan ya fi shekara takwas. Zan faɗi aibinsa: yana da surutu, yana barin jijiya a tsoka, kuma ba ya wanke katakonsa yadda nake so. Amma shekara ashirin muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a mayanka. Na san wuƙarsa, na san bisimillarsa, kuma na taɓa ganin ya yi asarar sa guda da ya iske ya mutu a mota, alhali ba mai kallonsa sai ni. Na gaya masa akwai gidan abinci a Treichville mai buƙatar tsoka kullum, ina so shi ya riƙa kaiwa. Ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Bakano ba ya kyauta. Me ke ciki? Gidan zai rushe ne?"

"Abin da ke ciki shi ne zan riƙa duba namanka."

"Kai? Ka duba nawa?"

"Ni. Kullum, kafin ya bar Adjamé."

Ya zagi Kano da mutanenta, ya ce ko a lahira sai mun nemi muƙamin mai duba awo. Sannan ya tambayi ƙarfe nawa ake son naman.

Zuwa na uku muka yi shi tare a ranar. Na gaya wa ɗan Madam ba zan kawo nama ba, ga wanda zai kawo. Na ba shi sababbin sharuɗɗa. Na farko, nama da kaji su zama yankan nan garin, daga hannun wanda na sani. Na biyu, kwalayen su bar gidan. Na uku, in shiga kicin duk ranar da na ga dama ba tare da sanarwa ba. Na huɗu, ba zan karɓi komai daga gidan kyauta ba, ko ruwan sha. Ya tambaye ni me ya sa ba ni ba. Na ce don ranar da zan ce masa ya yi ba daidai ba, kada ya yi zaton ciniki nake karewa, kada kuma in yi shiru don ina kare shi.

Bai amince nan take ba. Ya ce farashi zai tashi, kuma matasan da ke oda ta waya ba ruwansu da wanda ya yanka. Ya nemi kwana biyu. Juma'ar nan da aka tambaye ni a masallaci na ce ban gama ba, wasu suka yi murmushi, na san abin da suke tunani. Ranar Asabar ya kira ni. Ya yarda da naman sa, zai sayar wa wani mai gidan abinci sauran kwalayen. Ya yarda da na uku da na huɗu. Amma kaji ya ce ba zai iya ba, na gida sun yi tsada kuma ba sa isa. Zai dai ware musu firjinsu da wuƙarsu da farantansu. Na ce to shaidata za ta tsaya inda ganina ya tsaya. Na je sau biyu a makon, ba sanarwa, na tarar da komai yadda ya ce.

Juma'a ta gaba, saura kwana ɗaya walima, na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa a jere. Babu alade a gidan, babu giya. Naman sa yankan Badamagare ne, na gani, a ci. Ta kifi da ta ganye, a ci. Ta kaza ban ga yankanta ba, ban haramta ba, wanda ya ci da hatimi liman ya ce ba shi da laifi, amma ba da bakina ba. Tsohon dillalin shanu ya tambaye ni, a gaban kowa, ni me na samu a ciki. Kafin in buɗe baki Badamagare ya amsa daga baya, ya ce abin da na samu shi ne damar sa masa ido kullum, kuma ga Bakano wannan ya fi riba. Aka yi dariya, aka watse. Da yamma kwamiti suka aika oda.

An yi walima, an ci piza mai nama da mai kifi. Jikata ta yi fushi da ni don ita mai kaza take so. Maiɗakina kuwa har yau in kasuwa ta yi sanyi takan tambaye ni lafiyar Badamagare.

Shi kuwa ciniki ya karɓe shi, har ya sayi babur. Kullum wajen ƙarfe tara yakan ɗaure naman a akwati, ya turo babur ɗin zuwa bakin rumfata, ya buɗe. Ina duba tsoka ɗaya bayan ɗaya. Sau uku na sa ya koma ya cire jijiya. Yakan tsaya yana zagin Kano har in gama, sannan ya rufe akwatin ya kama hanyar gada.